Makanikin Kumasi a Yawuri

Wata huɗu na yi a Yawuri ban san Yawuri ba.
Daga ɗaki sai bakin ruwa, daga bakin ruwa sai ɗaki,
in kwance injin jirgi, in ɗaura,
farcena baƙi ƙirin da mai.
Da dare in jiƙa garin da na ƙunso daga Kumasi,
in ɗanɗali yajin uwata a gindin kwalba,
in murɗa rediyo neman tashar gida,
ba abin da ke fita sai shuu, kamar ana tankaɗe.

Ranar da kwalbar ta ƙare, na lashe murfin,
na ja ƙofa, na fita.

Tumba mai tuwo tana bayan rumfar 'yan albasa.
Na ce, "Me kuke ci a nan in babu baƙo kusa?"
Ta dube ni daga hula har silifa.
"Hausag ga taka, ina ka samo ta?"
Na ce ta zango ce, gadon kaka.
Ta ce, "Awo. Zamna."
Tuwon shinkafa ya iso yana huci,
miyar kuka, kan ragon ruwa a tsakiya
da ido ɗaya yana auna ni.
Ta miƙo hoce, ta ce in bi shi sannu,
haƙorin baƙo bai san dawa ba.
Na ce sunana Salifu. Ta ce Salihu.
Na gyara mata sau biyu,
na uku na amsa.

Bayan girbi Nomau mai jirgi ya taɓa ni:
ana kokawa a gungu, in ina da ido in zo.
Muka tsallaka da la'asar,
injin da na gyara jiya yana tari,
na kau da kai kamar ban san shi ba.

Yashi, da'irar mutane, ganguna uku,
tsohon makaɗi da goro a kunci,
ganga na faɗin abin da baki ba ya faɗa.
Kallo na zo yi. Wani ya tura ni ciki.
Na ce mu a can ƙwallo muke bugawa.
Suka ce ƙasa ba ta tambayar garinku.
Yaro ne, Gado, gemu bai fito masa ba,
ya kama ni kamar mai gaisuwa.
Ban san sa'ad da sama ta koma ƙarƙashina ba.
Na tashi da yashi a baki,
yashin yana ɗanɗanon kogi.

Tsohon ya tofar da goro, ya ɗaga murya:
"Salihu na Kumasi, mai gyaran inji,
yau wa zai gyara kwankwaso?"
Ganga ta karɓa, mata suka rangaɗa guɗa,
ni ma dariya ta kubce mini, haƙarƙari na ciwo.

A hanyar dawowa, tsakiyar ruwa, duhu ya rufa,
injin ya yi tari na ƙarshe, ya yi shiru.
Mutum goma sha tara, da akuya, da ganguna,
ruwa na janmu inda ba mu nufa ba.
Ba wanda ya yi waƙa.
Gado ne ya riƙe mini tocila,
hannun da ya kā da ni yana rawa.
Na hura fulogi, na goge a rigata, na ja igiya.
Na ja. Na sake ja.
Da ya tashi, sai na ji ganga a bayana,
kiɗan ɗazu ne, amma an canza masa wutsiya.

Yanzu yara na bi na da shi har bakin ruwa,
rabin farko kawai, na faɗuwar, shi suka riƙe.
Tumba ta daina ƙirga mini yankan kifi.

Inna, in kin sami mai tahowa,
ki aiko da yajin kwalba biyu.
Ɗaya ta Tumba ce, ta ce ƙarya nake
wai akwai yajin da ake dafawa da kifi har ya yi baƙi.
Kuma kada ki tambaye ni ranar dawowa tukuna,
akwai kokawa ran Asabar a wani gungun,
Gado ya ce zai nuna mini inda ake sa ƙafa.