Kalmar Kaka

Kakata Döndü kalma ɗaya ta sani: göç.
Tana furta ta da leɓe a tsuke
kamar mai hura wutar da ta kusa mutuwa.

In ƙanƙarar tsaunin Toros ta narke,
a naɗe baƙin tantin gashin akuya,
a ɗora wa raƙumi tukunya da jariri,
a hau. Göç ke nan.
In sanyi ya karyo a gangaro bakin teku,
sunan bai sake ba.

Ranar da rufin maƙwabcinmu Durmuş ya rufta
bayan ruwan kwana uku,
ta leƙa ta ce, "Ya yi göç."
Na yi dariya: ina ɗaki zai je?
Ta ce, "Ƙasa. Ai ita ma wuri ce."

Da kaka muka koma Mersin, hawa na shida.
A birni taşınmak ake cewa,
wato a ɗauke ka, kamar firiji.
Ta ce ita ba kaya ba ce.
Da ƙafarta ta hau, tana hutawa,
ƙararrawar jagoran awakinta a aljihu.

Wata biyar tana kallon tsauni ta taga.

Jiya da asuba inna ta kira kawu a waya.
Ba ta ce an yi rashi ba.
Leɓe ta tsuke, ta ari kalmar.
Ni kuwa na fita baranda ba takalmi
ina duba ko ƙanƙarar ta fara narkewa.