Ƙwallo Mai Baki Biyu

Ban fara da usur ba.
Na fara da jarka biyu a kafaɗa,
daga famfon Garin Malam zuwa bayan raga,
ina shayar da manya masu takalmi,
ni kuwa kaushi ya tsattsaga mini dunduniya.
In ƙwallo ta faɗa cikin duwatsun Birni
ni ake aika in ɗauko,
sai in taɓa ta sau uku a ɓoye kafin in miƙa.
Ladana ke nan.

Shekara tara na tsare baya, lamba huɗu.
Aka ce Barma katanga ne.
Katangar ta faɗi wata Lahadi a Matamaye,
saura minti shida a tashi,
gwiwa ta ce ƙas, kamar karan dawa.
Mai ɗori ya yi nasa, likita ya yi nasa,
ƙafa ta ce ita ta gama.

Sai Malam Dogari, Allah ya jiƙansa,
ya miƙo mini alli da ɗan allo:
"Tunda ba ka gudu, zauna,
ka ga abin da masu gudu ba sa gani."

Na zauna shekara shida.
Ni ke wanke riguna, ni ke ja layi da toka,
ni ke lallashin direba in mai ya ƙare a Takeita,
ni ke durƙusa gaban uban yaro
in rantse ƙwallo ba za ta cinye lakwal ba.

Ran da aka rataya mini usur a Mirriya
ban yi barci ba.
Wasa uku muka sha kashi,
a na huɗu wani ne zaune a kujerata.
Na yi Tanut, na yi Magariya,
Gure ta riƙe ni damina biyu, rabin albashi, rabin alkawari.
Falmata ta daina kwance ƙullin kwanoni,
ta ce, "Bar su haka, ai gobe ma tafiya ce."

Sau ɗaya muka ɗauko kofi.
An ɗaga ni sama tun daga fili har Zango,
'yan kabu-kabu na ta oda,
mai shayi ya ce har abada na daina biya.
Wata bakwai bayan nan, a rediyonsa
na ji an sallame ni.
Ya rage murya. Na ajiye dala goma, na tashi.

Bara, a Kasuwar Dole, cikin dilar gwanjo,
na ga wata ƙwallo mai baki biyu, kamar gwanda,
da ɗinki fari a gadon bayanta.
Yaron shagon ya ce ta Amurka ce,
da hannu ake ɗauka, a yi ta karo kamar raguna,
kocinsu kuwa, waya a kunne, kuɗi kamar yashi.
Na ce, "Ana korar su?"
Ya ce, "Kullum, Baba."
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Ashe ina da dangi a can.

Jika ɗaya na biya.
Na jefa ta ƙasa a tsakar gida:
ta yi dama, ta yi hagu, ta dawo ta bugi randa.
Falmata ta leƙo ta ce,
"Wannan ta san hanyarka."

Yanzu yara nake koya wa, 'yan ƙasa da sha uku,
a filin bayan makabarta, in la'asar ta yi sanyi.
Akwai wani ƙarami, Ciroma, mai kawo mana ruwa,
ba shi da takalmi.
In ƙwallo ta tsallake katanga shi nake aika,
sai in juya baya, in duƙufa kan allo,
ina ƙirgawa a zuci.
Jiya sai da ya kai bakwai.