Baƙin Gulbi a Ɗakina

Ƙarshen damina Gulbi yakan naɗe tabarmarsa,
ya bar kududdufai a baya
kamar matafiyin da ya yi sammako ya manta ƙorai.
Nan nake zuwa, ƙasan Jiratawa,
da tsohon gidan sauro da bokitin fenti,
wando naɗe har gwiwa.

Nomau masunci yana ɗinkin koma a gindin kanya.
Ya leƙa bokitina, ya ja tsaki:
"Kakanka ya saɓa giwan ruwa a kafaɗa,
jelarta tana share ƙasa har kasuwa.
Kai kuma ka zo tsintar shinkafa mai wutsiya.
Ko kyanwa ta ci wannan, da azuminta."

Ban tanka ba.
Laka ta riƙe mini ƙafa kamar mai bin bashi.

Ni mai yankan gilashi ne a Bagalam.
Abin da tagogin masu kuɗi suka rage
shi na haɗa, kusurwa huɗu, na liƙe,
na shimfiɗa yashin Gulbi wanki bakwai,
na kafa saiwar da ruwa ya gama lashewa,
na ce wa baƙina: ga masauki.

'Ya'yan karfasa uku, masu faɗan iyaka
tun ba su kai faɗin dala ba.
Kurungu ɗaya, mai iyo a rigingine,
kamar ya gaji da kallon ƙasa.
Sai wasu ƙanana, ba su kai ɗan yatsa ba,
jikinsu baba, an yayyafa masa lalle.
Na tambayi sunansu har Madarunfa,
kowa ya ce: kifi dai.

Tsahara ta ce randar da ba a sha
ta cinye mata wurin ajiye kwanoni.
Ta ce jikka biyu na injin iska
da sun sayi kifi mai auki a miya.

Daren Laraba wuta ta ɗauke.
Kumfa ta tsaya. Ɗaki ya yi tsit,
zafi ya zauna a ƙirjin kowa.
Na haska fitila: duk sun taso sama,
baki buɗe, baki rufe,
roƙo ba murya.
Ban kira ta ba. Sai na ji ƙarar ludayi.
Ta ɗebo, ta ɗaga, ta zuba,
ta ɗebo, ta ɗaga, ta zuba,
yadda take fifita koko don Sahabi,
har ladan ya yi gyaran murya.
"Kada ka ce komai," in ji ta.
Karfasa ɗaya ta tafi. Saura sun kwana.

Amma masu lallen, ko da wuta ko babu,
da sanyi ya shigo suka fara dusashewa,
ɗaya bayan ɗaya, kamar zanen da ya sha rana.
Na koma wurin Nomau da kunya a aljihu.
Wannan karon bai yi tsaki ba.
Ya kai ni inda kududdufin yake a da,
ƙasa ta tsage kamar diddigen manomi.
Ya ɓanɓaro ɓawo ɗaya ya miƙo mini:
"Irin nan damina ɗaya aka rubuta musu.
Iyayen sun tafi. 'Ya'yan suna nan ciki, suna barci."

Wata shida ɓawon yana gwangwanin madara
a ƙarƙashin gado, tare da takalman salla.
Jiya aka yi ruwan farko.
Na tara a tasa, na jiƙa shi, na kwanta ba yaƙini.

Yau da hantsi Sahabi ya manna hanci a tasa,
ya ce, "Baba, laka tana da idanu."