Agara

Da asuba ita ke riga ni tashi,
kafin ladanin Rafindaɗi ya gyara murya.
In na sauke ƙafa daga gado
sai in ji kamar an ɗinke min bayan diddige da busasshen ƙirgi.
Taku goma zuwa buta ina ɗingishi,
a na sha ɗaya ta ɗan sassauta,
kamar mai bin bashi ya tarar da baƙi a zaure.

Shekara goma sha tara ina busa usur
a filin bayan makaranta, hanyar Ƙofar Durɓi.
Na kori 'yan wasa, na kori masu horar da su,
na taɓa ɗaga wa ɗan yayata jan kati,
uwar ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata ba.
Yau ga jijiya, tsawonta bai wuce taƙi ba,
ta ɗaga min nata katin.

Na bi ta da man zafi
har Kulu ta ce ɗakin ya koma rumfar mai magani.
Ɗan'azumi wanzami ya kafa ƙaho,
ya nuna min baƙin jini, ya ce ga ciwon nan ya fito.
Ciwon kuwa ya riga ni isa gida.
A majalisa wani ya ce allura ɗaya, shi ke nan.

A ɗakin gashin ƙashi na tarar da Baraka,
wadda na koya wa lissafi a aji huɗu.
Ta matsa wurin da yatsa biyu, na kira sunan Allah.
Ta ce, Malam, ba karaya, ba targaɗe.
Igiyar guga ce ta sha bakin rijiya,
zarenta ya soma gajiya.
Allurar nan tana kwantar da zafi, amma takan ci igiya.
Kwanciya kuma ba ta saƙa ta.
Aiki ya ɓata ta, aiki zai gyara ta,
sai dai da mudu za a auna mata.

Ta ce in hau bakin dakali da yatsun ƙafa,
in tashi da biyu, in sauka da ɗaya,
a hankali, kamar mai sauke tulu cike.
Sha biyar sau uku, safe da yamma,
mako goma sha biyu.
In sa ɗan matashi cikin takalmi, in sallami silifa.
Zafi kaɗan ba laifi;
in ya kwana ya wayi gari da ƙari, a rage.

Sai ga ni a ƙofar gida, dafe da bango,
ina hawa ba na zuwa ko'ina.
Yaran layi suka jera suna kwaikwayona.
Lado mai shayi ya karɓe ƙirgen,
yana zuba ruwa yana cewa, saura huɗu, rafali, kada ka ci zamba.

Mako na biyar, ba labari.
Na ce wa Kulu yarinyar nan ramuwar bulala take yi.
Ta ce to, je ka cike bashinka.
Mako na bakwai Baraka ta rataya min jaka,
tiya biyu ta gero a baya, ta ce ci gaba.

Ran wata Talata, a mako na goma,
ina tsakiyar alwala na tuna
ban san yadda na iso buta ba.
Na zauna da ruwa a hannu, na daɗe.

Ba a ba ni tsakiyar fili ba tukuna.
Ina bakin layi da tuta, rabin lokaci kawai,
usur ɗin na aljihu, ya ɗumama da jikina.
Gobe da safe kuma, dakali.
Lado ya ce zai zo da wuri.