Daren Asabar, Kafin Ruwa

Sau biyu na goge rigar, dutsen guga har ya huce,
wuyanta dai bai daina karkata ba.
Malam Rabe tela na Ƙofar Ƙaura ya ɗinka ta,
da tafin hannu ya auna ki, wai tef ya yi miki yawa.
Ya ce, "Ta suna ce?" Na ce, "Ta baftisma ce."
Ya ce, "Allah ya raya," ya ƙi karɓar kuɗin zare.

Ki yi barci, Kyauta. Ni tawa idon biyu ce.

Asabar uku muna zama a bencin bayan coci,
Katikis Barnaba na tambaya, muna amsawa:
"Me kuke roƙo domin wannan yarinya?"
Ubanki Filibus, mai tsawa a garejin walda,
sai ga muryarsa ta koma ta ɗan firamare.
Ɗazu na ji shi bayan ɗaki, yana wanke baƙin mai,
yana maimaita wa buta, "Na ƙi. Na ƙi Shaiɗan,"
har akuyar maƙwabta ta tsaya kallonsa.

Kyandir na cikin kwalla, na naɗe shi da ɗankwali,
kada zafin Katsina ya tanƙwara shi kafin safiya.
Zoɓo ya jiƙa. Shinkafa tiya uku, ɗaya bashi ce.
Tabita, uwar baftismarki, ta taso daga Malumfashi,
motarsu ta mutu a Kankara, taya kuma a hanya,
ta iso da isha, zakara a hammata,
ta ce ko a ƙafa ne da ta zo ta riƙe ki.

Kakarki Tambai na nan kan bakanta.
Ajuji take so a kira ki, don mutuwa ta raina ki,
ta wuce ta ƙofarmu kamar ba ta ga kowa ba.
Na ce, "Iya, Sisiliya za a rubuta."
Ta gwada, harshe ya sarƙe, ta tsaya a "Sisi",
ta yi tsaki, ta ɗauki carbinta ta koma lungu.
Ina jin ta yanzu, tana gaida Maryamu a hankali,
sunan da ta ƙi kuwa yana cikin roƙon.

Akwai abin da ban gaya wa Katikis ba.

Yayanki bai ga coci ba, bai sa farar riga ba.
Kwana tara ya yi. Daren na goma, a asibiti,
babu wuta, babu Fada, nas ta tafi neman likita,
na fasa ledar ruwa da haƙorina,
na zuba masa sau uku a goshi, hannuna na rawa,
da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki.
Na kira shi Istifanus. Ni kaɗai na ce amin.
Tun ranar ban ƙara shan ruwan leda
ban tuna ɗumin goshin nan ba.

Shi ya sa gobe nake son hayaniya.
A buga ganga, mata su rangaɗa guɗa,
Fada ya shafa miki mai, ya tambaya da ƙarfi,
coci ta amsa har a ji a bakin titi.
In ruwan ya taɓa ki, ki tsala kuka, 'yata,
kada ki ji kunyar kowa.
Kukan nan nake jira tun shekara huɗu.

Ga ladan ya fara gyaran murya a masallacin layinmu.
Filibus ya juya, yana "na ƙi" cikin barci.
Bari in hura gawayi.
Wuyan rigar nan, sai na sake gwada shi.