'Yan Hayan Ciki

Ni ne Garba Ɗan'azumi, mai ɗaki tara a Aboabo.
Shekara talatin ina bin kuɗin haya ƙofa-ƙofa,
na san mai biya, na san mai kashe fitila in ya ji takuna.
Amma 'yan hayan da ke ƙasan cibiyata
ban san da su ba sai da na kore su.

Da damina ne haƙori ya sa ni gaba.
Na gangara Kejetia, wani yaro mai akwatin magani
ya ƙirgo mini kafso ja-da-rawaya, sidi goma sha biyu.
Haƙori ya lafa, ni ban lafa ba.
Mura, kafso. Gwiwa, kafso.
Na mai da shi goro.

Sai ciki ya yi tawaye.
Buta ta zama abokiyar hira,
alwala uku kafin ladan ya tayar da iƙama,
wandona ya fara neman wani mai shi.

Sahura, 'yar ƙanwata, mai aiki a ɗakin gwaji na jami'a,
ta zo bayan la'asar, ta kife turmi ta zauna,
ta juya kwalin maganin, ta dube ni:
"Kawu, don ɓera ɗaya ka sa wa gida wuta."

Ta ce a babban hanji akwai zango,
jama'arsa sun fi Asawase da Alabar, sun fi Kumasi duka,
baƙi ne, kamar kakanninmu da suka biyo fataken goro
suka sauke kaya ba su koma ba.
Bakteriya, in ji ta.
Abin da cikinka ya kasa narkarwa,
dusar gero, ɓawon wake, zaren ganye,
shi ne tuwonsu.
Su tsima shi, yadda gasara ke kwana ta yi tsami,
su biya haya da wani maiƙo mai gajeriyar sarƙa.
Ɗaya ta kira shi butiret.
Shi bangon hanji ke ci,
da shi ake yaɓe, da shi ake toshe tsaga,
shi ke lallashin kumburi ya kwanta.
Wani ya bi jini ya sauka hanta
ya sa baki a zancen sukari.
Wani ya aika sama: ya isa haka, a wanke hannu.

Na ce, to wa ke murɗa ni da dare?
Ta ce, "Ɗakin da ba kowa, Kawu, wa ke tarewa?"

Na yi shiru.
Na tuna ɗaki na bakwai.
Maame Akosua na kora a kan bashin wata biyu,
ita da ke share kwata kullum ba wanda ya sa ta.
Wata uku ɗakin na rufe,
gara ta ci ƙyaure, ruwa ya kwanta a tsakar gida,
sauro ya zama mai unguwa.

Sahura ta kai ni wurin likita, ba ta tsaya ga bakinta ba.
Ya ce kafso na da ranarsa,
amma ba ni ke sa ranar ba.

Yanzu da safe ina layin wake-da-shinkafa wurin Adiza,
in ce a ƙara waken.
Da dare tuwo, miyar kuka ko ayoyo,
fura da nono in rana ta take.
Farin burodi da lemon kwalba, mun rage gaisawa.

Ba su dawo rana ɗaya ba.
Wanda aka kora da wulaƙanci ba ya dawowa da gudu.
Amma jiya, ina kwance, na ji ƙugi kaɗan a gefen hagu,
kamar ana jan tabarma, ana jera tukwane.
Na dafa wurin na ce, sannunku da zuwa.

Akosua, an ce, tana Bantama.
Na tambayi kuɗin mota.
Ban je ba tukuna.