Ƙullin da Ake So Ya Tsinke

A gaɓar Aglu, kudu da Agadir,
tun ladan bai gyara murya ba,
kawuna Yidir na zaune kan tsohuwar jarka,
tocila a goshi, gwangwanin ƙugiyoyi tsakanin ƙafafu.
Bai taɓa ɗaura komai ba
sai ya saurari teku tukuna.

"Ji nan," ya ce. "Yau da fushi ta tashi.
Miƙo dalma mai faratan waya,
wadda za ta kafe a yashi kamar jakin da ya ƙi tafiya.
Mai siffar ƙwai ta ranar kwanciyar ruwa ce,
ta gangara a hankali, ta nemo kwari da kanta."

Ƙugiya biyu in na miya ake nema,
gajerun rassa, kamu guda a tsakani,
don kada iska ta yi musu kitso.
Ƙugiya ɗaya tal in kurbin ake fako,
da reshe mai tsawon gaba,
yankan sardin ya yi ta rawa bayan kumfa
kamar ba shi da ubangida.

Naɗi bakwai. Ba shida ba.
Ka zura ta kafa, ka jiƙa da yawu,
domin busasshen zare kansa yake ƙonawa.
Ka ja sannu, har naɗin su kwanta
kafaɗa da kafaɗa kamar sahun salla.
Haƙorinsa na gaba har ya yi tsagi,
shekara arba'in yana datse bakin zare.

Amma ranar da muka gangara wajen duwatsu
sai ya mai da dalma aljihu,
ya fito da mataccen filogin mota, duk tsatsa,
ya ɗaura min shi da wani siririn zare
wanda ko ɗan tsako ba zai riƙe ba.
Na yi dariya a ciki. Shekarata sha biyar.
Yana juya baya na cire,
na sa mai kauri, na ƙulle sau biyu,
na ce yau za a ga aiki.

Aka kuwa gani.
Rana na ɗagowa gora ta rusuna,
zare ya yi kuka, tafin hannuna ya ɗau zafi,
na hango azurfar bayansa sau ɗaya cikin igiyar ruwa,
sai filogi ya shige tsagin dutse.
Na ja, dutse ya ja,
kifi na tsakani.
Da zai tsinke, can sama ya tsinke:
da kifi, da ƙugiya, da gaba ashirin na zare,
duk teku ta karɓe, ko godiya babu.

Kawu bai yi faɗa ba. Shayi ya zuba,
ya ɗaga buta sama har kofi ya yi rawani.
"Kowane ɗauri," ya ce, "sai ya tsinke wata rana.
Naka kawai ka zaɓar masa wurin.
Dutse na son rabonsa. Ba shi filogi,
ka tafi gida da kifinka."

Bana hannunsa rawa yake.
Kafar ƙugiya ta ɓace masa, ko da tabarau.
Ni ke ɗaurawa, ni ke jifa,
shi yana kan jarkar nan dai, cikin jallabiyar ulu,
iska na wasa da gemunsa.
In na gama sai in miƙa masa,
ya bi zaren da yatsa daga sama,
yana ƙirga naɗi da farce,
ɗaya, biyu, leɓe na motsi,
har ya iso kan siririn nan.
Nan yake tsayawa. Ya ɗan ja shi,
ya ji rauninsa daidai yadda ake so,
ya gyaɗa kai.

"Jefa," ya ce. "Ruwa ya fara cikowa."